Koyarwa Daga Nesa a Jami'a: Wa Zai Ɗauke wa Malami Nauyin Na'ura?

A ranar Juma'a 6 ga Maris, 2020, Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil a Amurka ta sanar da cewa daga Litinin mai zuwa babu sauran shiga aji, darussa sun koma intanet. Abin da malamanta suka samu na shiri bai wuce hutun ƙarshen mako ba. Kwana huɗu bayan haka Harvard ta bi sahu, washegari kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. A watan Afrilu Bankin Duniya ya ƙiyasta ɗaliban manyan makarantun da rufewar ta shafa sun kai miliyan 220. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taro a manhajarsa a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020.

Yau an daɗe da buɗe azuzuwa, amma koyarwa daga nesa ta samu wurin zama. Akwai kwasa-kwasan da suka tare a intanet dindindin, akwai ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke aiki da rana su shiga lacca da dare daga wani gari, kuma duk ranar da ambaliya ko rikici ko wata cuta ta rufe harabar makaranta, can ake komawa. Saboda haka tambayar abin da malami yake buƙata daga jami'arsa kafin ya iya koyarwa ta wannan hanya tana nan da ranta. Amsar da hukumomin jami'o'i suka fi saurin bayarwa ita ce a sayi lasisin manhaja, a tura wa malamai adireshin shiga, a shirya musu bita ta yini ɗaya. A ganina wannan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi ƙarancin tasiri. Abin da ke raba kwas ɗin da aka amfana da shi da wanda ya wahalar da kowa shi ne mutanen da ke tsaye bayan malamin, da lokacin da aka ba shi.

Malamin da ya shiga zauren lacca yakan ɗauka shi kaɗai ke aiki. Amma kafin ya iso wani ya buɗe ƙofa ya kunna fitilu. Ofishin tsara jadawali ya tabbatar ba a haɗa shi zaure ɗaya da wani aji ba. Ma'aikacin na'urori ya duba majigi da lasifika. Mai gadi ya tsaya a ƙofar makaranta. Ginin kansa yana taimaka masa: bango ya tare hayaniya, kujeru sun fuskanci allo, ɗalibin da ya ga na kusa da shi yana rubutu shi ma yakan ɗauki biro. Ranar da aka koma gida, duk waɗannan ayyuka suka zube a kan mutum ɗaya. Shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne mai gyaran sauti, shi ne mai tsaron ƙofa, shi ne kuma wanda ɗalibi zai kira idan ya manta kalmar sirrinsa. A cikin wannan hali ake son ya bayyana darasin lissafi ko na shari'a yadda za a fahimta.

Tsaron ƙofa ne ya fara nuna kansa. A makonnin farko malamai da yawa sun saka adireshin ajinsu a fili, sai ɓata-gari suka riƙa faɗawa cikin lacca da zage-zage da hotunan batsa, har ofishin hukumar FBI na Boston ya fitar da gargaɗi a ƙarshen Maris. A farkon Afrilu Zoom ya mayar da kalmar sirri da ɗakin jira su kasance a kunne tun asali, ba sai mai taro ya nemo su ba. Abin lura shi ne ba a zaunar da kowane malami an koya masa harkar tsaro ba, saitin aka canza daga sama. Ma'aikatan fasaha na kowace jami'a suna da irin wannan iko a kan asusun malamansu: su kulle shiga sai ga mai adireshin makaranta, su hana ɗalibi nuna allonsa sai da izini, su sa duk laccar da aka naɗa ta sauka da kanta a shafin kwas. Duk shawarar da aka yanke sau ɗaya a can, an hutar da ɗaruruwan malamai yanke ta ɗaya bayan ɗaya.

A cikin watan Maris na 2020 ne Charles Hodges da abokan aikinsa huɗu suka wallafa wata maƙala a mujallar EDUCAUSE Review, suka ja hankali cewa abin da ake yi a lokacin koyarwar gaggawa ce, kada a auna karatun intanet da ita. Sun ce kwas ɗin da aka gina domin intanet yakan ɗauki wata shida zuwa tara ana shirya shi kafin a fara. Masu tsohuwar sana'ar sun san haka. Tun 1858 Jami'ar Landan take ba da digiri ga wanda bai zauna a harabarta ba. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu ta koma koyarwa ta wasiƙa a 1946. An kafa Open University ta Birtaniya a 1969, ta karɓi ɗalibanta na farko a 1971, tana watsa darussa ta rediyo da talabijin na BBC. A can kowane kwas tawaga ce ke haɗa shi: malaman fannin, editoci, masu zane, masu shirya shirin, sannan malaman da ke bibiyar ɗalibai rukuni-rukuni. Ba su taɓa ɗora wa malami ɗaya yin duk wannan a ɗakinsa ba.

Idan aka zo ga kayan aikin kansu, ido ya fi zuwa kan manhajar bidiyo, domin ita ce ta fi kama da aji. Amma ginshiƙin kwas shi ne shafin da ake ajiye komai: jadawali, kayan karatu, wurin miƙa aiki, maki, da dandalin tattaunawa. Blackboard, wanda aka kafa kamfaninsa a 1997, ya daɗe yana riƙe da wannan kasuwa. Martin Dougiamas, ɗan ƙasar Ostareliya, ya fitar da Moodle a 2002, kyauta ga duk mai so, kuma kowa na iya gyara shi yadda ya dace da shi. Canvas ya shigo kasuwa a 2011, Google Classroom a 2014. Gardama a kan wanne ya fi kyau ba ta ƙarewa, kuma yawancinta ɓata lokaci ne, don ayyukan da malami yake yi a kullum duk suna yin su. Inda bambancin yake shi ne wa zai kula da shi. Moodle kamar kyautar doki ne: ba ka biya kuɗinsa ba, amma kullum sai ka nemo masa harawa. Dole jami'a ta tanadi manyan kwamfutocin da za su ɗauke shi, da ma'aikatan da za su sabunta shi, su toshe kafofin kutse, su ajiye kwafin bayanai. Ranar da ɗalibai dubu suka shiga jarrabawa a minti ɗaya ake sanin ko an yi wannan aiki. Wanda ya zaɓi na haya ya huta da wannan, amma zai riƙa biya duk shekara, kuma bayanan ɗalibansa suna hannun kamfani.

Illar da na fi gani ita ce yawan manhajoji. Wannan malami yana Teams, wancan yana Zoom, na uku ya buɗe zauren WhatsApp, na huɗu yana karɓar aiki ta imel. Kowannensu yana da hujjarsa, amma ɗalibi mai kwas shida ya wayi gari yana neman aikin gida a wurare shida, ma'aikacin fasaha kuma ba zai iya ƙwarewa a kan duk abin da kowa ya tsinto ba. Jami'ar da ta san abin da take yi takan tsayar da kaɗan, ta haɗa su ta yadda da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya za a shiga duka, ta kuma faɗa a sarari cewa waɗannan ne take da alhakin gyarawa. Wasu malamai za su ga an tauye musu 'yanci. Ina ganin damuwarsu, kuma ya kamata a bar ƙofa ga wanda fanninsa ke buƙatar wani abu na daban. Sai dai 'yancin malami a kan abin da zai koyar bai haɗa da jefa ɗalibai cikin ruɗani a kan inda za su miƙa aiki ba.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, kuma a nan ne ake yawan kashe kuɗi a baibai. Ɗalibi zai jure hoto mai dishi-dishi na awa guda, amma muryar da ke tsinkewa ko take amsa-kuwwa tana gajiyar da shi cikin mintuna. A 2018 Eryn Newman da Norbert Schwarz suka wallafa sakamakon wani gwaji: sun kunna wa mutane jawaban masana kimiyya, wasu da sauti mai kyau, wasu an lalata sautin. Maganar ɗaya ce, amma waɗanda suka ji lalataccen sun ce jawabin bai yi kyau ba, binciken ba shi da muhimmanci sosai, mai maganar ma bai kai hazaƙar da sauran suka ba shi ba. Ke nan malamin da ke magana ta makirufon cikin kwamfutarsa, a ɗaki mai amsa murya, yana asarar kima a idon ɗalibansa ba tare da ya sani ba. Makirufo mai sauƙin kuɗi da ake maƙalawa kusa da baki ya fi masa amfani a kan kyamara mai tsada.

Akwai kuma jinkirin isar murya, wanda mutane suke jin nauyinsa ba tare da sun san daga ina yake ba. Masu binciken harshe sun auna hira a harsuna daban-daban, suka tarar tazarar da ke tsakanin mai magana ya yi shiru da ɗan'uwansa ya karɓa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga wannan ɓangare zuwa wancan ya haura kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa idan ana son hira ta tafi daidai. Da layi ya yi rauni, sai jinkirin ya wuce haka, mutane biyu su fara magana tare, su yi shiru tare. Malami ya ce, "Akwai mai tambaya?" ya ji tsit, ya ɗauka an gane, ya wuce. Alhali ɗalibar da ke da tambaya tana laluben maɓallin buɗe makirufo. Babu manhajar da za ta kawar da wannan gaba ɗaya. Maganinsa dabara ce: malami ya tsawaita jira, ya kira suna, ya ce a rubuto tambaya a gefe, ko ya jefa 'yar ƙuri'a kowa ya zaɓi amsa. Irin wannan ne ya kamata bita ta koyar, ba jerin maɓallai ba.

Gajiyar da ke biyo bayan zaman bidiyo ma an yi nazarinta. A 2021 Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya danganta ta da fuskokin da ke zuba wa mutum ido daga kusa, da ganin kansa a allo tsawon lokaci, da zama wuri ɗaya babu motsi, da wahalar karanta yanayin mutane ta ƙaramin hoto. Ɓoye hoton kai da kashe kyamara lokaci-lokaci suna rage ta.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ya kamata a fara da ita: shin dole ne kowace lacca ta kasance kai tsaye? Awa ɗaya ta taron bidiyo tana iya cinye daga rabin gigabait zuwa sama da gigabait ɗaya, gwargwadon kyan hoton. Wannan awa ɗin idan aka naɗe ta murya zalla, ba za ta wuce megabait 30 ba, takardar bayanin da za ta raka ta kuwa ba ta kai haka ba. ITU ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum biliyan 2.6, wato kusan sulusin al'ummar duniya, ba sa amfani da intanet. A cikin masu amfani da shi ma, da yawa waya ce kaɗai gare su, suna kuma lissafin data. Malamin da ya ce dole kowa ya kunna kyamara tsawon awa biyu ya kori wani daga aji ba da niyya ba. A 2020 jami'o'in Afirka ta Kudu sun ba ɗalibai aron kwamfutoci, aka kuma shirya da kamfanonin waya a riƙa shiga shafukan karatu ba tare da cin data ba. Wannan yarjejeniya ce da hukuma kaɗai ke iya ƙullawa, babu malamin da zai iya da kansa.

Naɗar darasi tana da nata ƙa'ida. Philip Guo da abokansa sun bi diddigin kallo miliyan 6.9 na bidiyoyin dandalin edX, suka wallafa a 2014 cewa da bidiyo ya wuce kusan minti shida, ɗalibai sukan fara barinsa. Sun kuma ga cewa malamin da ke magana a sake yana rubutu da hannu a kan allo ya fi riƙe mai kallo a kan wanda aka ɗauka a ƙawataccen ɗakin shiri. Wannan albishir ne ga jami'ar da ba ta da kuɗi. Sai dai yanka laccar awa biyu zuwa gutsattsari masu ma'ana yana nufin sake tunanin darasin tun daga tushe, kuma a nan ne malami ke buƙatar mai tsara darasi, wato ma'aikacin da ya san koyarwa ya kuma san na'ura. Aikinsa ya zauna da malami ya tambaye shi: me kake so ɗalibi ya iya yi a ƙarshen wannan mako? Wane ɓangare ne zai iya saurara shi kaɗai, wanne ne sai an haɗu an yi muhawara? Ta yaya za ka gane wanda ya ɓace tun kafin jarrabawa? Yawancin malaman jami'a an horar da su ne a kan bincike a fanninsu, ba wanda ya taɓa yi musu waɗannan tambayoyi. Jami'o'in da suka riga suka tanadi irin waɗannan ma'aikata sun shiga 2020 da ƙafar dama.

Sai ofishin kai ƙorafi. Tsarin da aka saba shi ne a cike fom a intanet, a ba ka lamba, a ce za a amsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ya dace da wanda na'urar buga takardarsa ta lalace. Bai dace da malamin da ɗalibai tamanin ke jiransa ba, lacca ta fara da minti uku, muryarsa ta ƙi fita. Shi lambar waya yake buƙata wadda mutum zai ɗauka nan take, mutumin da ke da ikon leƙa ajin ya ga abin da ke faruwa. Kuma dole lokutan aikin wannan ofishi su bi jadawalin darussa; idan akwai lacca ƙarfe takwas na dare, a samu mai ɗaukar waya ƙarfe takwas na dare. Wasu jami'o'i sun horar da ɗalibai manya suna biyansu don yin wannan, kuma dabara ce mai kyau, don yawancin matsalolin ƙanana ne masu maimaita kansu. Akwai ranar da kamfanin da kansa zai faɗi: a 24 ga Agusta, 2020, ranar da makarantu da yawa a Amurka suka fara sabon zango, Zoom ya tsaya na sa'o'i. Ajin da aka riga aka rubuta wa ɗalibansa inda za su duba idan haka ta faru bai yi asarar ranar ba.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma farfesan da ya shekara talatin yana koyarwa ba zai ɗaga hannu a taron bita, a gaban waɗanda ya yaye, ya ce bai san yadda ake nuna allo ba. Zai yi shiru, ya koma gida ya yi ta fama, ko ya yanke cewa abin gaba ɗaya shirme ne. Wannan ba taurin kai ba ne, mutunci yake karewa, kuma tsarin tallafin da bai yi la'akari da shi ba zai rasa malaman da ɗalibai suka fi buƙatar iliminsu. Zama na minti ashirin, mutum biyu, a kan kwas ɗinsa na gaske, ya fi masa bitar yini guda. Ya fi kyau ma idan mai nuna masa abokin aikinsa ne daga sashe ɗaya, domin buƙatun fannoni sun sha bamban. Malamin lissafi yana son allon da zai rubuta da alƙalami ko kyamarar da ke kallon takarda. Malamar harshe tana son raba ɗalibai biyu-biyu su yi hira. Na kimiyya yana iya jingina da gwaje-gwajen kwaikwayo irin na PhET, waɗanda Carl Wieman ya assasa a Jami'ar Kolorado a 2002 kuma kyauta ne, duk da cewa ba za su koya wa hannu riƙe kayan ɗakin gwaji ba. Amma abokin aikin nan da kowa ke kira a rage masa kwas, a rubuta hidimarsa cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. In ba haka ba an mayar da kirkinsa ya zama hukunci.

Malaman wucin gadi sun fi kowa shan wahala a nan. Sau da yawa da kwamfutarsu da datarsu suke aiki, kuma awannin da suka yi suna naɗa da gyara bidiyo ba sa cikin abin da ake biya.

Akwai kuma tambayar wa ya mallaki laccar da aka naɗa. A farkon 2021 wani ɗalibi a Jami'ar Concordia da ke birnin Montreal na ƙasar Kanada ya nemi adireshin farfesan da yake kallon laccocinsa na tarihin zane-zane, sai ya gano ya rasu tun 2019. Akwai wani malami da mataimaka da ke gudanar da kwas ɗin, amma labarin ya tayar da hankalin malamai a ko'ina, don ya taɓo abin da suke tsoro: a naɗi muryarka yau, a ci gaba da amfani da ita bayan babu kai. Malamin da ba a ba shi amsa a rubuce ba zai yi ta jan ƙafa, kuma yana da gaskiya.

Inda fasaha ta fi yin alkawarin da ba ta cika ba shi ne jarrabawa. Manhajoji irin su Proctorio da Respondus suna kulle kwamfutar ɗalibi, su kalle shi ta kyamara, su yi masa alama idan ya kau da ido ko wani ya gitta a bayansa. Alamar ba hujja ba ce. Wanda ke zaune a gida mai cunkoso zai tara ta fiye da mai ɗakin kansa. A watan Agustan 2022 wani alƙalin kotun tarayya a jihar Ohayo ya yanke cewa sa ɗalibi ya zagaya ɗakinsa da kyamara kafin jarrabawa, kamar yadda Jami'ar Cleveland State ta yi, ya saɓa wa kundin tsarin mulkin Amurka. Kafin nan, a 2021, makarantar likitanci ta Dartmouth ta tuhumi ɗalibai 17 da satar amsa, tana dogaro da bayanan da suka nuna asusunsu na Canvas ya yi motsi a lokacin jarrabawa. Aka nuna mata cewa na'urar da aka bari a buɗe tana iya sabunta shafi da kanta ba wanda ya taɓa ta. A watan Yuni ta janye tuhumar ta ba da haƙuri. Ɗaliban sun kwashe watanni cikin fargabar rasa sana'ar da suka sadaukar da rayuwarsu a kai.

Bayan fitowar ChatGPT a 30 ga Nuwamba, 2022, aka sake shiga irin wannan rami. Turnitin, kamfanin manhajar gano satar rubutu, ya fitar da abin gano rubutun ƙirƙirarriyar basira a Afrilun 2023. A watan Yuli kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya janye nasa saboda yawan kuskure, a Agusta kuma Jami'ar Vanderbilt ta kashe na Turnitin a shafinta. Wani bincike na Stanford a 2023 ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen waɗanda Ingilishi ba harshensu na farko ba ne a matsayin na na'ura. Malamin da aka miƙa wa lamba a allo, ba a gaya masa iyakarta ba, zai iya zaluntar ɗalibi yana ganin yana kare mutuncin ilimi. Tallafin da ya dace a nan shi ne a taimaka masa ya sake fasalin gwajin: aikin da ake miƙawa mataki-mataki, tambayar da ke neman ɗalibi ya yi amfani da abin da aka tattauna a aji, ko ganawar baki ta minti goma a kan abin da ya rubuta. Duk waɗannan suna cin lokaci, a aji mai ɗaruruwan ɗalibai kuma ba za su yiwu ba sai an ƙaro mataimaka. Inda sakamakon ke da nauyi ƙwarai, irin jarrabawar ƙarshe ta likita ko injiniya, na fi ganin a tara ɗalibai a cibiya a sa ido, ko da sauran karatun daga nesa aka yi.

Tsaron bayanai ba aikin malami ba ne, amma ta asusunsa ɓarawo ya fi samun ƙofa. Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ta biya masu kutse kusan Yuro dubu 200 bayan harin Disambar 2019, wanda ya faro daga saƙon imel na yaudara. Jami'ar Kalifoniya reshen San Faransisko ta biya Dala miliyan 1.14 a Yunin 2020. Tabbatar da shiga ta mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, yana ba malamai haushi, amma ya cancanci haushin. Haka batun kurame da makafi: a 2017 Jami'ar Berkeley ta janye laccoci sama da 20,000 daga idon jama'a bayan ma'aikatar shari'a ta Amurka ta ce masu buƙata ta musamman ba sa iya amfana da su. Yanzu manhajoji suna rubuta magana a ƙasan bidiyo da kansu, amma suna tuntuɓe a kan kalmomin fanni da karin harshen da ba su saba da shi ba, harsuna da yawa kuma ba sa yin su da kyau. Sai mutum ya bi ya gyara, kuma bai kamata mutumin ya zama malamin ba.

Abin da jami'o'i da yawa suka karkata gare shi yanzu shi ne aji mai fuska biyu, wasu ɗalibai a zaure, wasu a intanet, a lokaci guda. Brian Beatty ya fara tsara irinsa a Jami'ar San Francisco State tun tsakiyar shekarun 2000, da sunan HyFlex. Ga ɗalibi sauƙi ne babba. Ga malami kuwa shi ne mafi wuya a duk abin da na ambata, domin yana kula da jama'a biyu da ba sa jin juna sosai. Ɗalibin da ke bayan zaure ya yi tambaya, na gida ba su ji ba sai an saka makirufo a rufi ko malami ya maimaita. Na gida sun rubuto tambaya, malami yana fuskantar allo bai gani ba. Cikin makonni kaɗan sai su koma 'yan kallo, daga nan su daina zuwa. Inda tsarin yake tafiya, za ka tarar akwai mutum na biyu a zauren, mataimaki ko ɗalibin da aka horar, yana kallon allon na gida, yana ɗaga hannu a madadinsu, yana gyara sauti idan ya tsinke. Albashin wannan mutum ya kamata a fara sakawa a kasafi kafin kuɗin kyamarar da za a maƙala a bango, kuma jami'ar da ba za ta iya ɗaukarsa ba gara ta raba ajin biyu, na zaure daban, na intanet daban, ta ƙirga wa malamin su a matsayin kwas biyu.